Kuɗin Zaman Mota: Kwanakin da Motar Haya Ta Yi a Gareji, a Wuyan Wa Suke?

Duk wanda ya san harkar Adaidaita Sahu a Kano ya san balas. Mai mashin ya miƙa wa direba makulli, direba ya fita nema, da yamma ya kawo abin da aka yanka masa. Ranar da tsautsayi ya gitta aka bugi mashin ɗin, magana biyu ce ke tashi. Ta farko ba ta da wuya: nawa makanike zai karɓa, wa zai biya. Ta biyun ce ke jan lokaci: kwana biyar ɗin da mashin ya yi a gareji bai shigo da ko sisi ba, balas ɗinsu yana wuyan wa? A Kano akan kashe wannan magana a bakin gareji, da sa bakin dattawan ƙungiya da "a yi haƙuri". A Amurka kuwa an mayar da ita sharaɗi a cikin takardar hayar mota, da lissafinta da ma'aikatan bin bashinta, har ta taɓa kaiwa kotun ƙoli ta wata jiha a kan kuɗin da bai cika dala 400 ba.

Hayar mota a can ba irin wadda aka saba da ita a Abuja ko Yamai ba ce, inda mota ke zuwa da direbanta, in an yi karo shi da uban gidansa su san yadda za su yi. A can mutum ya sauka a filin jirgi, ya je kanta, ya nuna lasisi da katin bashi, ya sa hannu, a ba shi makulli ya ja da kansa. Manyan gidaje uku ne suka riƙe kasuwar: Enterprise mai National da Alamo, Hertz mai Dollar da Thrifty, sai Avis da Budget. Takardar da ake sa wa hannu a tsaye, da gajiyar jirgi a jiki da layi a baya, ta ce motar amana ce a hannunka har ka dawo da ita yadda ka karɓa. Kai ka yi gangancin, ko wani ne ya goge ta a wurin ajiye motoci ya gudu, ko ƙanƙara ce ta sauko ta lotsa rufin, duk ɗaya ne a wajen kamfani.

Bayan makonni sai wasiƙa ta iso daga sashen da ke bin diyyar ɓarna. Ba kuɗin gyara kaɗai ke ciki ba. Akwai ladan ɗawainiyar ofis na buɗe fayil da aika wasiƙu. Wani lokaci akwai faɗuwar darajar mota, wato giɓin da za a samu ranar sayar da ita tunda ta taɓa haɗari. Sai kuma wanda ya kawo mu: kuɗin kwanakin da motar ta zauna ba ta fita haya ba. Mu kira shi kuɗin zaman mota.

Mai karatu zai zaci ana ƙirga ainihin kwanakin da motar ta yi a gareji ne. Sau da yawa ba haka ake yi ba. Wasu kamfanonin sukan ɗauki takardar ƙiyasin gyara, su duba awa nawa aka rubuta aikin zai ci, su raba da huɗu, a kan cewa gareji ba ya ba mota guda fiye da awa huɗu a yini. Abin da ya fita shi ne kwanakin, sai a ninka da kuɗin hayar yini. A ce ka ɗauki mota a kan dala 60 a rana, ka kwarje mata ƙofa da madigadi, masu gyaran jiki da fenti suka ƙiyasta awa 24. Kwana 6 ke nan, dala 360. Wasu su ƙara Asabar da Lahadi da kwanakin kai mota da ɗauko ta. In motar ta tashi aiki gaba ɗaya ko an sace ta, akan yanka wasu kwanaki a dunƙule, na lokacin da za a ɗauka kafin a maye gurbinta.

To, shin kamfanin ya yi asarar wannan kuɗi da gaske? Nan ne gizo yake saƙar.

Mai Adaidaita guda ɗaya, in ta kwanta, shi ma ya kwanta. Asararsa a fili take. Amma reshen kamfanin haya mai motoci 200, wanda a ranar Talata ta tsakiyar hunturu 150 ne kawai suka fita, bai juya abokin ciniki ko ɗaya ba don motarka tana gareji. Wanda ya zo neman irinta an ba shi 'yar'uwarta daga cikin hamsin ɗin da ke jere suna shan sanyi. Hujjar kamfanonin inshora ke nan, kuma ba hujjar banza ba ce: a nuna mana cinikin da ya kuɓuce, mu biya. Kamfanonin haya su kuma suna cewa dukiyarmu ce, hana mu amfani da ita shi kansa cuta ne, ko da ranar ba mu yi niyyar fitar da ita ba. In wani ya kulle maka ɗakin baƙi na mako guda, ba zai kare kansa da cewa ai ba ka yi baƙo a makon ba. Don su toshe ƙofar gardama, sai suka riƙa rubuta wa a takardar haya cewa za a biya kuɗin zama ko da akwai motoci birjik a ajiye.

An gwada ƙarfin wannan magana a jihar Kolorado. Wata mata ta ɗauki mota a filin jirgin garin Durango, ta bugi barewa a hanya. Kamfanin inshorarta ya biya gyara, amma ya ƙi biyan kuɗin zama, wanda ya ɗan haura dala 200, da ladan ofis dala 150. Kamfanin PurCo, wanda sana'arsa ke nan bin irin wannan diyya a madadin masu motocin haya, ya ƙi haƙura. Aka yi shekaru ana hawa matakalar kotuna, har a 2012 kotun ƙolin jihar ta yanke cewa mai motar haya yana da haƙƙin karɓar kuɗin zama gwargwadon hayar da ta dace da motar, ba sai ya tabbatar da ribar da ta wuce shi ba. Babu wanda ke ɗaukar lauyoyi shekara da shekaru saboda dala ɗari uku da 'yan kai. Kowane ɓangare dubban wasiƙun da za su biyo baya yake hange.

Sai dai hukuncin Kolorado na Kolorado ne. Amurka jihohi 50 ce, kowacce da dokarta a kan wannan. Nuyok da Kalifoniya sun hana kamfanin haya karɓar kuɗin zama daga hannun wanda ya yi hayar. Kalifoniya ta kuma sa wa ladan ofis iyaka, ba ya wuce dala 150 komai girman ɓarnar. Wiskonsin ma ta taƙaita shi ƙwarai. Minesota ta bi ta wata hanyar: ta wajabta wa kamfanonin inshorar mota na jihar su ɗauki nauyin ɓarnar motar haya har da kuɗin zamanta, sannan ta ce kada kwanakin su wuce 14. Saboda haka mutum biyu za su iya yin kwarzane iri ɗaya a mota iri ɗaya, ɗaya a Kalifoniya ɗaya a Kolorado, wasiƙunsu su sha bamban.

Inda doka ta bar ƙofa a buɗe, aljihu uku ne ake sa ran kuɗin zai fito daga ciki kafin a zo kan naka.

Na farko shi ne abin da ma'aikacin kanta ke tallata maka da fara'a, wanda ake rubutawa da haruffa uku, LDW ko CDW. Mutane na kiransa inshora, amma ba inshora ba ce. Yafiya ce ake saya: ka ƙara wani abu a kowace rana, daga kusan dala 15 zuwa sama da 30, kamfani ya yi alkawarin ba zai bi ka kuɗin ɓarnar motarsa ba. Da yake mai bin bashin ne da kansa ya yafe, galibi gyara da kuɗin zama da ladan ofis duk sun faɗi tare. Ka ajiye makulli ka kama gabanka. Aibinsa tsada, don a ƙaramar mota yakan kusa ninka kuɗin hayar. Kuma yafiyar tana warwarewa in ka karya sharaɗi: ka ba wanda sunansa ba ya takarda ya tuƙa, ko aka tuƙa cikin maye, ko ka bar kwalta ka shiga burji inda aka hana.

Na biyu inshorar motar mutum ta gida, ga mazaunin Amurka mai motar kansa. A nan mutane da yawa ke cewa "ai ina da cikakkiyar inshora" su wuce kanta da ƙarfin gwiwa. Gaskiya ne tana bin mai ita zuwa motar haya, amma da siffar da take da ita a gida. In abin da ka saya na biyan ɓarnar da ka yi wa wasu ne kawai, wanda doka ta tilasta, to a yawancin jihohi jikin motar hayar ba ya ciki. In kana da ɓangaren da ke gyara motarka bayan karo ko sata ko ƙanƙara, shi ne zai rufe motar hayar, bayan ka fitar da kason farko daga aljihunka, dala 500 ko 1,000 ko yadda kuka yi da su. Kuɗin zama fa? Akwai wata cibiya, ISO, da ke tsara samfurin takardar inshora wanda kamfanoni da dama ke ɗora nasu a kai. Samfurinta na 2005 ya amince da biyan kuɗin zaman motar da ba taka ba, amma dala 20 a rana, kuma kada jimilla ta wuce 600. Na 2018 ya ɗaga zuwa dala 30 a rana da jimillar 900. Koma kan misalinmu: ana bin ka 360 na kwana 6, inshora mai tsohon tsari ta ba da 120, saura 240 suna kallonka. Manyan kamfanoni kuma da yawa da tasu takardar suke aiki, wasu su biya, wasu su ce sai an kawo shaida, wasu ba su san zancen ba sam. Faɗuwar darajar mota kuwa kusan kowa ya zame mata. Ga kuma abin da ba a rubuta a wasiƙar ba: ka kai ƙorafi inshorarka, an shigar da shi tarihinka, kuɗin da kake biya zai iya hawa a sabuntawa ta gaba. Inshorar nan kuma iyakarta Amurka da yankunanta da Kanada. Ba ta haye teku.

Na uku katin bashi, kuma a nan zan daɗe, don nan ne aka fi yin tuntuɓe.

Katunan bashi da yawa a Amurka suna zuwa da kariyar motar haya a matsayin gyara, irin wanda mai awo ke ƙara maka a kan mudu. Sharuɗɗan samunta biyu ne da ba sa canzawa: ka biya kuɗin hayar gaba ɗaya da wannan katin, kuma ka ƙi sayen yafiyar kanta. Wanda ya ce bari ya haɗa biyun don ya ƙara samun kwanciyar hankali, ya kashe ta katin da hannunsa. Bayan haka akwai iyakar kwanaki, a katunan Visa da yawa kwana 15 a jere a cikin ƙasar mai katin, 31 a waje. In hayar ta zarce, ba kwanakin da suka haura kaɗai ke zubewa ba, kariyar duka ce. Akwai motocin da ba a rufewa: manyan motocin kaya, motocin alfarma masu tsadar gaske, babura, da galibin motocin da ake haya daga hannun mutane ta manhaja irin Turo. Akwai ƙasashen da wasu katunan suka cire, waɗanda aka fi ambata su ne Isra'ila da Jamaika da Ailan. Kuma kariyar ta jikin motar hayar ce kawai. In ka bugi motar wani ko ka ji wa mutum rauni, kati ba ya cikin wannan magana ko kaɗan.

Sannan a san sahun da katin yake tsaye. Yawancinsu 'yan sahun baya ne: sai inshorarka ta gida ta gama nata, su tsince abin da ya rage, kamar kason farkon nan da ka biya da ragowar kuɗin zama. Kaɗan ne 'yan sahun gaba, irin Chase Sapphire, waɗanda ke biya kai tsaye ba tare da inshorar gida ta ma ji labari ba. American Express na sayar da irin wannan a kan wani kuɗi dunƙule a kowace haya. Wanda ba shi da inshorar mota ko kaɗan, ko yake tuƙi a ƙasar da tasa ba ta kai ba, katin sahun baya yakan matso masa gaba tunda babu kowa a gabansa.

Yanzu ga ƙullin. Ka buɗe ɗan littafin sharuɗɗan katin, za ka ga an ce ana biyan kuɗin zaman mota. Sai ka yi ajiyar zuciya. Amma a gaban wannan alkawari akwai 'yar kalma: wanda aka tabbatar. A takardun Mastercard an fayyace abin da ake nufi, wato rajistar shige da ficen motoci ta wannan reshe, ta wannan ajin mota, a waɗannan kwanaki, wadda za ta nuna ko da gaske motocin sun ƙare har aka rasa ta ba wani. Rajistar nan tana hannun kamfanin haya. Shi kuwa sau da yawa ba ya son fitar da ita. Ya ce sirrin kasuwancinsa ne, kuma takardar da ka sa wa hannu ba ta ɗora masa kawo shaida ba. Kowanne a cikinsu yana kan gaskiyarsa in ka karanta takardarsa ita kaɗai. Da kamfanin haya ka yi alkawarin biya ba tare da shaida ba. Masu katin sun yi maka alkawarin biya in an kawo shaida. Su biyun ba su ƙulla komai a tsakaninsu ba, kai ne ka sa hannu a wurare biyu. Ga wanda ke bin ka, ga wanda ya ce zai biya maka, ga takardar da za ta sada su a kulle a durowar mai bin ka.

A ganina wannan tsari bai yi wa mai haya adalci ba, ko da doka ta halatta shi. Wanda ya ce ya yi asara, kuma littafin da zai nuna asarar yana hannunsa, bai kamata ya karɓi kuɗi yana rufe da littafin ba. Amma ban ce kullum ƙarya suke yi ba. A 2020, da annobar korona ta tsayar da tafiye-tafiye, kamfanonin haya sun sayar da motoci masu ɗimbin yawa, Hertz ma ta nemi kariyar kotu daga masu bin ta bashi a watan Mayu na shekarar. Da matafiya suka dawo a 2021, sababbin motoci suka yi wuyar samu saboda ƙarancin 'yan ƙananan na'urorin lantarki da ake haɗa su da su, farashin haya ya yi tashin gwauron zabo, ana layi ana rasa mota. A irin wannan lokaci duk motar da ta kwana a gareji ciniki ne ya wuce, kuma kayan gyara ma sai an jira. Abin da rajistar za ta rarrabe ke nan, lokacin cunkoso da lokacin zaman kashe wando.

A aikace, da yawan irin wannan rigima ba ta kai ko'ina. Ma'aikacin da ke kula da ƙorafin katin da na sashen diyyar kamfanin haya sun saba da juna, sukan yi ciniki, a rage kwanaki, a yafe wani abu, a rufe fayil. Abin da ke kai mutum ƙasa shi ne jinkiri da rashin takardu. Katuna suna da wa'adin sanarwa, wasu kwana 45 daga ranar haɗarin, wasu 60, alhali wasiƙar kamfanin haya kan iya yin wata biyu ba ta iso ba. Wanda ya zauna jiran wasiƙa kafin ya kira masu katin, wankin hula zai kai shi dare. A ranar da abin ya faru ake buɗe ƙorafi, ko da ba a san nawa za a nema ba. A ajiye takardar haya ta farko da ta ƙarshe, da rahoton haɗarin da aka cike a kanta, da rahoton 'yan sanda in akwai, da hotunan motar ta kowace kusurwa ranar ɗauka da ranar mayarwa. In wasiƙa ta zo, a nemi ƙiyasin gyara dalla-dalla, da ranar da motar ta shiga gareji da ranar da ta fito, da yadda aka lissafa kwanakin, da rajistar nan, duk a rubuce. In sun ƙi ba da rajistar, su rubuta cewa sun ƙi; wannan ƙin ma takarda ce da za a miƙa wa masu katin. Yin biris da wasiƙar ba dabara ba ce, don akan miƙa bashin ga kamfanonin karɓar bashi, a kuma sa sunan mutum cikin waɗanda ba za a sake ba haya ba, a duk rassan gidan da ƙannensa.

Kada kuma a dogara da abin da aka sani a shekarun baya. Discover ta janye wannan kariya daga katunanta a 2018, Citi ta cire ta daga yawancin nata a 2019. Bankin da ya ba da katin ne ke zaɓar abin da zai ɗora a kai, ba tambarin da ke jikinsa ba.

Wannan batu na tambari shi ya fi shafar ɗan Kano ko Maraɗi ko Kumasi da ya je Amurka taro, ko yaye ɗa daga jami'a, ya ce bari ya ɗauki mota. Katin da ke aljihunsa yana ɗauke da tambarin Visa ko Mastercard, amma galibi katin cire kuɗi ne daga asusunsa, ba na bashi ba, kuma sharuɗɗan da na zayyana a sama an rubuta su ne don katunan da bankunan Amurka suka ba mazauna can. Inshorar motarsa ta gida ba ta san da wata mota a Teksas ba. Aljihu biyu daga cikin ukun babu su ke nan, sai in bankinsa ya ba shi a rubuce cewa katinsa na da wannan kariya kuma ta haɗa da kuɗin zama. In ba haka ba, yafiyar kanta, duk da tsadarta, ita ce abin da ya rage tsakaninsa da wasiƙar dala dubu da wani abu da za ta biyo shi gida a lissafa masa ita da kuɗin ƙasarsa. Haka in ɗan'uwansa mazaunin can ne ya yi hayar da katinsa ya miƙa masa makulli: in ba a rubuta sunan baƙon a matsayin ƙarin direba ba, kati da yafiya duk sun tashi a banza.

Japan ta ɗauki wannan matsala ta yi mata yankan gashin baki. Kamfanonin hayar mota a can ba sa ƙirga awannin gyara, ba sa gardamar rajista. In ka lalata mota har tana buƙatar gyara, amma ka iya tuƙo ta zuwa reshen da aka ce ka mayar, kuɗin zamanta yen 20,000 ne a yawancin kamfanoni. In sai da aka jawo ta, yen 50,000. Ana gaya maka tun a kanta kafin ka karɓi makulli, yafiyar ɓarna ta yau da kullum ba ta ɗauke shi, kuma in kana so a yafe maka shi ma, akwai ɗan ƙarin da za ka biya a kowace rana, an rubuta shi a layinsa daban.